Inna Tafireta da 'Yan Rakiya Sittin da Uku

Shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon nata. Ofishinmu na masu auna filaye ne, ɗaki uku a saman bene, ƙasanmu kuma shagon mai sayar da tayoyi, shi ya sa duk takardar da ta kwana biyu a wurinmu sai ta ɗauki warin roba. Ni ce mai karɓar baƙi da amsa waya. Ita kuma ita ke buga takardu, ita ke adana taswirar duk filin da aka taɓa aunawa tun ranar da aka buɗe ofishin. Inna Tafireta kowa ke ce mata, har waɗanda ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba, don tun zamanin injin ta zo, kuma har kwamfuta ta shigo ba ta daina dukan maɓallai da ƙarfi ba, kamar sun yi mata laifi. Mai tayoyi ya sha cewa ba ya duba agogo da safe, da ya ji bugu daga sama ya san takwas ta yi.

Ba da niyya ta zama mai bugu ba. Ɗinki ta so koya. Ranar da yayanta ya kai ta wurin mai koyar da ɗinkin suka tarar an cika, sai ga wani shago a gefe, tafireta goma sha biyu a jere, malamin yana neman ɗalibai. Yayan ya ce tunda an riga an fito, ta zauna ta gwada. Malamin nan, in ji ta, ƙyalle yake rufa musu a hannu don kada su kalli yatsunsu, wadda ta leƙa kuma a ƙara mata shafi biyar. Wata tara ta fito tana bugu ba ta ko duban ƙasa. Tsohon mai ofishinmu, wanda ya fara da teburi ɗaya da ma'auni a jaka, shi ya ɗauke ta aiki. Wasiƙa ya ba ta ta buga, ya saka kuskure uku a ciki da gangan don ya gwada ta. Ta gyara huɗu.

Tana wannan aikin ta yi aure, tana yi ta haifi 'ya'ya huɗu. Mijinta mai gyaran wutar mota ne, yana da rumfa a bakin tasha, kuma sunansa ya yi nisa a wurin direbobi. Shekara shida kafin abin da zan ba da labari, hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Daga nan gida ya koma wuyanta. Ita za ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta zaunar da shi a kujera bakin taga da rediyo kusa da hannunsa na hagu, ta bar wa maƙwabciya mabuɗi, sannan ta fito neman bas. Duk da haka ban taɓa riga ta zuwa ofis ba.

Da aka kawo kwamfuta ta farko, ta faɗa mini, sati guda ba ta yi barcin kirki ba. Sai ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk abin da aka nuna mata ta rubuta shi daki-daki, har da zanen maɓallin da za ta danna. Lokacin da na san ta, tana kan littafi na biyar, kuma babu wanda ya kai ta sanin inda kowane fayil yake.

Da tsufa ya zaunar da mai ofishin, ɗansa ya zama Manaja. Ba mugun mutum ba ne. Yana yaro a ƙarƙashin teburin Inna yake aikin gida in an taso daga makaranta, shi ya sa har ya girma Inna yake ce mata, ita kuma ta ƙi yarda ta kira shi da wani abu sai ranka ya daɗe. Illarsa ɗaya, son sabon abu da gaggawa. Duk manhajar da ya ga ana talla sai ya sa an zuba: ta haɗa takardu, ta rage nauyin hoto, ta tsaro, ta ajiya a intanet, ta sabuwar sikana. Kuma duk a kwamfutar Inna ake zubawa, tunda can taswirorin suke. Wata a yi wata biyu da ita a cire, wata a manta ma an zuba.

Wanda ya saba da kwamfuta ya san linzaminta maɓalli biyu gare shi. In ka ɗora shi kan fayil ka danna na dama, wani ɗan jeri zai sauko: buɗe, kwafa, sake suna, aika wa firinta, da sauransu. Rabin aikin Inna a wannan dannawar yake. Sai jerin ya fara nawa. Da farko ɗan jinkiri ne da ba ka kula da shi, a hankali ya kai in ta danna, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa minti biyu cur. Wani lokaci ma duk abin da ke fuskar kwamfutar ya ɓace ɓat, sai bango kawai, in ya dawo kuma duk foldar da ta buɗe ta rufe, sai ta faro daga farko. Sau arba'in ko fiye take dannawa a yini.

Benci ya fara cika da masu jira. Wani dattijo da ya zo karɓar taswirar gonarsa ya gaji, ya ce, "Baiwar Allah, gyangyaɗi kike yi ne?"

"Ni idona biyu, Baba. Ita ce ke gyangyaɗin."

Aka yi dariya, amma na ga yadda ta matse baki bayan ya fita.

Wata ranar Laraba Manaja yana waya a baranda, ƙofa a buɗe, ya manta murya na shigowa. Muka ji ya ce, "Kwamfutar lafiyarta lau, bara aka ƙara mata ƙarfi. Hannu ne ya tsufa." Na ɗaga kai na dubi Inna. Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da bugunta, sai dai a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. Haka ta yi ta yi har ƙarshen sati. Mai tayoyi ya tare ni a matakala yana tambaya ko Inna tafiya ta yi.

Muna da mai gyaran kwamfuta da ke zagayowa sau ɗaya a wata, magidanci mai babur, Injiniya muke ce masa. Ya zo ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Ya danna, ya jira, ya sosa ƙeya, ya ce magani ɗaya ne, a goge komai a sake zubawa.

Inna ta ɗora tafin hannu a kan kwamfutar. "Ba za a goge ba."

Ba taurin kai ba ne. Akwai wata tsohuwar manhaja a ciki, ita kaɗai ke iya buɗe taswirorin shekarun farko, sun kusa dubu huɗu. Faifanta ya ɓace tun wata ƙaura da aka yi, kamfanin da ya yi ta kuma babu shi. In aka goge, taswirorin suna nan, amma babu abin buɗe su. Manaja ya tambayi Injiniya ko zai iya dawo da ita, ya ce ba zai yi alkawari ba.

Manaja ya ce a bar kwamfutar yadda take, amma ƙarshen wata za a kawo wadda za ta hau teburin, Inna ta koma ɗakin baya ta kula da tsofaffin fayilolin takarda. "Ba kora ba ce, Inna. Hutu ne."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ɗakin bayan nan ko taga babu. Kwalaye ne har rufi, da fanka mai ƙara.

Injiniya ya ɗauki jakarsa ya sauka. Har mun ji ya tayar da babur, sai ya kashe, ga shi ya hawo da hular kwano a kansa. Manaja ya riga ya fita. Injiniya ya ja kujera kusa da Inna.

"Inna, kin ga jerin nan da ke saukowa? Ba duka ne na kwamfutar ba. Duk manhajar da aka zuba sai ta maƙala wani ɗan abu nata a ciki. Wani kina ganinsa a rubuce, wani ba ya ma fitowa fili. In kin danna, sai an tashe su ɗaya bayan ɗaya kafin jerin ya sauko. Ɗaya ya ƙi tashi, duk sai su tsaya jiransa."

"Wato 'yan rakiya ne," in ji Inna.

Ya yi dariya. "To, 'yan rakiya. Wani ma wadda ya rako an cire ta tuntuni, shi yana nan ya ƙi tafiya."

"Wanne ne a cikinsu?"

"Da na sani ai da na gama. Nemo shi aikin zama ne, ni kuwa ofis tara ke jirana yau."

Ya ciro filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, daga aljihu ya zuba mata wata 'yar ƙaramar manhaja. Da ya buɗe ta, sai ga layuka sun jeru, ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da sunansa da sunan kamfanin da ya yi shi da ranar da aka zuba shi. Mafi yawa farare, wasu kuma da ɗan launin ja-ja.

"Fararen na kwamfutar ne, ko da wasa kada ki taɓa su. Masu launin su ne baƙi. Ki zaɓi ɗaya, ki danna nan, ya kwanta. Ki danna can, ya tashi. Kashewa kawai take yi, ba ta goge komai. Bayan kowace kashewa ki danna wannan, fuskar za ta ɗauke ta dawo, kada gabanki ya faɗi. Sai ki gwada dannawar dama ki gani."

Ta sa shi ya maimaita sau biyu tana rubutawa. Muka ƙirga masu launin tare, sittin da uku.

Bayan ya tafi na ce, "Inna, ba za ki faɗa wa Manaja ba?"

"In na samo shi zan faɗa. Yanzu me zan ce? Tsohuwa tana wasa da kwamfuta?"

Hutun rana minti arba'in ne, shi kaɗai ne lokacinta. Laraba da Alhamis ta cinye su wajen kwafe sunayen sittin da ukun a littafi, kowanne da lambarsa. Sunaye ne masu tsawo marasa kan gado, ita tana rubutawa harafi-harafi, ni ina dubawa, burodinta da shayinta suna hucewa a gefe. Ranar Juma'a ta fara. Ta kashe na ɗaya, ta gwada, zobe ya juya minti biyunsa, ta sake gwadawa don ta tabbata, ta kunna shi, ta koma na biyu. Kafin hutu ya ƙare huɗu kawai ta yi, kuma babu mai laifi a ciki. Saura hamsin da tara, ga kwanan aiki biyar. Ta rufe littafin.

Ranar Asabar da yamma na je gidanta gaishe da mijinta, Baba muke ce masa. Ɗaki biyu ne da falo, tsaf-tsaf, a kusurwa akwai akwatin kayan aikinsa na ƙarfe da ba ta taɓa yarda a sayar ba. Yana kujerarsa bakin taga. Muka zauna a tabarma, ta ɗauko littafin tana yi mini lissafi: huɗu a rana, kwana biyar, ashirin, ko rabi ba a kai ba. Ta ce ko ta haƙura ne, ɗakin baya ai ba kabari ba ne.

Sai muka ji ana buga hannun kujera. Baba ne, da hannunsa na hagu.

"Ruwa, Maigida?"

Ya girgiza kai. Ya yi ƙoƙari, maganar ta fito da ƙyar. "Ra...ba biyu."

Ta matsa kusa da shi. Ni ba na gane rabin abin da yake faɗa, ita kuwa tana ji tana fassara mini. Ya ce in mota tana shanye batir ba a san wace waya ce ke ja ba, sabon yaron shago ne ke cire fiyus ɗaya-ɗaya. Wanda ya san aiki rabi yake cirewa gaba ɗaya. In shan ya tsaya, ɓarawon yana cikin na hannunka. In bai tsaya ba, yana cikin na jikin mota. Ko ta ina, ka huta da rabi. Sai ka sake raba wanda ya rage.

Ya nuna ashana a kan tebur. Ta zazzage kwali biyu a faranti, ta ƙirga hamsin da tara, ta ɗora masa a cinya. Da yatsa ɗaya ya raba tarin biyu, ya ture rabi gefe. Ya sake rabawa, ya ture. Muna ƙirgawa. A turawa ta shida tsinke ɗaya ya rage a tsakiyar faranti. Ya ɗaga shi sama yana dariya, irin dariyar da rabin fuska ke yi.

Ya ƙara wata magana. Inna ta riƙe haɓa. "Wai in rubuta waɗanda na cire. Maigida, ni za ka koya wa rubutawa?"

Da ta rako ni bakin titi, mun kusa tasha ta ce, "Kin san shekara shida rabon da wani ya tambaye shi abin da ya shafi aiki? Ni ma ban tambaye shi ba. Ci da sha da magani kawai." Ta share ido da gefen mayafi ta tsayar mini da bas.

Ranar Litinin da hutun rana ta zaɓi talatin, daga lamba biyar zuwa talatin da huɗu, ta yi musu alama a littafi, ta kashe su gaba ɗaya. Fuskar ta ɗauke, ta dawo. Ta ɗora linzami kan wata taswira, ta yi bismillah, ta danna.

Jerin ya sauko nan take.

Ta sake dannawa. Ta koma wani fayil ta danna. Sau goma sha wani abu ta yi, tana dariya ƙasa-ƙasa. Mai laifin yana cikin talatin ɗin. Hutu ya ƙare, mutane sun fara shigowa, sai ta ce bari ta bar su a kashe zuwa gobe, aiki ya yi gudu ko na yini ɗaya. Nan ne ta yi kuskure, ni ma ban hango ba.

Ƙarfe biyu da rabi Manaja ya shigo da wani lauya, ana son babbar taswirar wani fili da ake shari'a a kai, a kai kotu kafin uku. Ya tsaya a bayanta. Ta nemo fayil ɗin, ta danna, jeri ya sauko. Amma layin da ke cewa a aika wa babbar firinta babu shi. Yana cikin waɗanda ta kashe. Manaja ya karɓi linzamin ya danna da kansa, ya duba sama ya duba ƙasa.

"Me aka yi wa kwamfutar nan?"

Da ta ce ba ta sani ba, babu mai ƙaryata ta, ni dai ba zan yi ba. Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Na kashe wasu abubuwa."

"Kin kashe? Wa ya sa ki? Inna, taswirar mutane dubu nawa ce a cikin nan? Abin da ba ki sani ba me ya kai ki taɓawa?"

A gaban lauya, a gaban mutum biyar da ke benci. Ta buɗe littafi, ta buɗe 'yar manhajar, ta bi lambobin ta kunna talatin ɗin. Fuskar na dawowa Manaja ya fizgi linzamin ya danna. Zobe ya fara juyawa. Ya sake dannawa, ya buga tebur. Minti biyu yana tsaye, lauya yana duban agogo, ƙarar kwampreso tana tasowa daga shagon ƙasa. Daga baya jerin ya sauko, aka buga taswirar, lauya ya fita da gudu-gudu.

Manaja ya kira ta ofishinsa. Bangon katako ne, na ji komai. Ita ta fara magana.

"Laifina ɗaya, ban faɗa maka ba. Ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba. Amma sau biyu ka danna yau da hannunka. Na farko ya jira?"

"Bai jira ba."

"Na biyun fa?"

"Ya jira," in ji shi. Sannan ta yi masa bayanin 'yan rakiya, da abin da Injiniya ya bari, da ashanar Baba. Ta ce awa ɗaya take roƙo gobe, in ba ta samo shi ba ita da kanta za ta kwashe kayanta zuwa ɗakin baya, ba sai wata ya ƙare ba.

"Awa ɗaya," in ji shi. "Kuma ina tsaye."

Washegari ba tsayawa kawai ya yi ba, shi ta ba riƙon littafin. Yana karanto lamba tana kashewa. Sha biyar na farko, zobe ya juya, ba ya cikinsu, ta kunna su. Takwas daga sauran, jeri ya sauko, yana ciki. Ta raba takwas ɗin, huɗun farko ba su ba ne. Saura huɗu, saura biyu. Manaja ya sassauta ɗaurin wuyansa ya ja kujera ya zauna. Ta kashe ashirin da shida, zobe ya juya. Ta kunna shi, ta kashe ashirin da bakwai, ta ture masa linzamin.

"Kai danna."

Ya danna. Kafin ya ɗaga yatsa jerin ya sauko, da layin babbar firinta da komai.

Ya duba littafin ya karanta sunan da ke gaban lamba ashirin da bakwai, ya sake karantawa. Ragowar manhajar ajiya ce da aka zuba bara, aka cire bayan wata uku. Injiniya ya yi mana bayani ta waya: duk dannawa sai abin ya tafi neman rumbunsa a intanet, rumbun kuwa an rufe shi, sai ya tsaya jira har ya gaji.

"Wannan ni na sa aka zuba ta," in ji Manaja, ba tare da ya ɗago ba.

"Ai ranar da aka zuba ta duk murna muka yi, ranka ya daɗe," in ji Inna. Ta karɓi littafinta ta ja layi ƙarƙashin lambar.

Ya shiga ofishinsa. Can sai ga shi da ƙaramar kwamfutarsa a hammata, yana tsaye kamar wanda ya zo neman alfarma. "Inna, tawa ma tana yi. Ni na ɗauka haka suke."

Dariyar da na riƙe tun safe ta ƙwace mini, shi ma ya yi. Minti biyar ta gyara masa, tunda yanzu ta san sunan wanda take nema.

Da aka tashi ya ce ta shiga mota ya kai ta gida, ni ma ya ce in zo. Rabonsa da gidan tun kafin ciwon Baba. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban kujerar ya gaishe shi, ya ce dabararsa ta yi aiki. Baba ya dube shi, ya tattaro magana da ƙyar. "Lam...ba nawa?"

"Ashirin da bakwai, Baba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ita yake zargi. A hanyar fita Manaja ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Inna, maganar da na yi a baranda..." Ta ce, "Wace magana? Ka gaida mutan gida." Ba a sake tada zancen ɗakin baya ba.

Daga ranar aka kafa doka, ba a zuba komai a kwamfutocin ofis sai Inna ta buɗe 'yar manhajarta kafin da bayan zubawa, ta rubuta baƙin da suka ƙaru. Labari ya bazu a benen. Mai ofishin inshora da ke gefenmu ya zo, masu sayar da tikitin jirgi suka zo, ta riƙa zuwa da littafinta a hutun rana. Ba kullum take dacewa ba. Wani lokaci ta kashe duka baƙin ciwon yana nan, sai ta kunna su yadda ta same su ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku kira Injiniya." Shi kuwa in ya zo sai ya ce ta rage masa ciniki, ta ce shi ya jawo wa kansa da ya kashe babur.

Shekara uku ta ƙara. A cikinsu ta sa Injiniya ya nuna mata yadda za ta sauya tsofaffin taswirorin zuwa irin da kowace kwamfuta ke buɗewa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, biyar yau shida gobe, har ta gama dubu huɗun. Da jikin Baba ya tsananta ita ta rubuta takardar ajiye aiki, ta yi wata huɗu tana koya wa wadda za ta gaje ta. Baba ya rasu wata bakwai bayan nan, tana gefensa.

Yanzu tana wurin babbar 'yarta, malamar makaranta. Idonta ya yi rauni, sai an kusanto take gane mutum. Watan jiya wani mutum ya zo neman taswirar filin mahaifinsa da aka auna shekara talatin da suka wuce. Muka nema da sunan uban, da sunan unguwa, da shekara, babu. Har zai tafi na ce ya ɗan jira, na kira Inna. Ta tambayi sunan, ta ce filin da ke bayan gidan ruwa ne, mai kusurwa biyar? Mutumin ya ce shi ne. Ta ce 'yan'uwa biyu ne suka zo tare a lokacin, da sunan ƙanen aka buɗe fayil ɗin don shi ya sa hannu, mu duba can. Muka duba, ga shi. Mutumin ya karɓi wayar ya yi ta sa mata albarka, ta ce ya gaida ƙanen babansa in yana raye. Ya ce yana nan, sai dai kunne. Ta ce to ya ɗaga murya.